Ƙwarya Cikin Ƙwarya a Birnin Tarmazu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye ruwa a cikinta, ya ɗaga sama ya rataya taurari a jikinta, nake buɗe bakina. Ku gyara zama, jama'a, ku ara mini kunnuwanku. Mai tafiya ya dakata, mai hira ya saurara, mai gyangyaɗi a taɓa shi. Ni ne Cindo ɗan Jatau, mai yatsu shida a hannun dama, mutumin Rafin Gawo. Abin da zan faɗa muku idona ne ya gani, ƙafata ce ta taka.

Gidanmu gidan haƙar rijiya ne tun kaka da kakanni. Na buɗe ido na ga mahaifina yana shiga cikin ƙasa da safe, ya fito da yamma jikinsa duk jar laka, haƙoransa kaɗai ke fari. Wata rana ya shiga ina bakin rijiya riƙe da igiya, sai na ji igiyar ta yi sako-sako a hannuna, ƙura ta taso daga ƙasa. Rijiya ta rufta. Muka yi ta tono da hannuwa har faratanmu suka fita, amma ba mu kai gare shi da sauran numfashi ba.

Bayan an share makoki, wani bafatake da ya yada zango a garinmu ya ba ni labarin wani birni can gabas da gabas, ana ce masa Tarmazu. Ya ce a can akwai mutanen tagulla, masu hannu da ƙafa kamar mu, su ke shiga duk inda ɗan Adam ke tsoron shiga. Ya ce ƙera su ba shi ne abin wuya ba, wuyar ita ce sanin yadda ake ba su umarni. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Da kaka ta yi, na saɓa dagin mahaifina a kafaɗa, na yi wa mahaifiyata sallama, na sa gabas a gaba.

Na ratsa ƙasashen da ban san sunansu ba. Na keta wani fili da ƙasarsa ke ƙara kamar kalangu in ka taka. Daga nan na faɗa wani daji wanda itatuwansa ke tafiya. Ban san haka ba sai da na rataya jakata a reshen wata tsamiya na kishingiɗa da rana tsaka, na farka na gan ni a cikin rana ƙwal, tsamiya kuwa ta yi nisa da jakata tana jan saiwoyinta kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Na bi ta da gudu. Da na cim mata na lura duk itatuwan gabas suka nufa, don can ne ruwa yake. Sai na ce, to me zai sa in wahal da ƙafata? Na haye na zauna a cikin rassa, ina tsinkar 'ya'yanta ina tsotsa, ita kuwa tana ta tafiya da ni har ta sauke ni a bakin Kogin Shuni.

Kogin nan ruwansa shuɗi ne kamar na karofi, gada ɗaya ce tak a kansa, kuma a bakin gadar na fara ganin mutumin tagulla. Tsawonsa ya yi biyun nawa, idanunsa na ƙarau, yana tsaye ba ya ko motsi. Ina nesa na ga wani manomi ya nufo gadar da fartanya a hannu. Mutumin tagulla ya miƙa hannu ya ɗauke shi cak, ya jefa shi cikin kogi. Masunta suka tsamo shi can ƙasa, ya fito shuɗi tun daga kai har ƙafa yana ta zage-zage. Jim kaɗan ga wani ƙato da takobi rataye a kafaɗa, ya zo ya wuce abinsa, ko kallonsa ba a yi ba.

Na dubi dagina, na sami gindin dutse na zauna ina nazari. Wata mata ta zo riƙe da wuƙar yankan kuɓewa, aka jefa ta. Wani maƙeri ya zo da jakinsa ɗauke da mangala cike da gatura, hannunsa ba komai, ya wuce lafiya. A nan na gane ashe ba makami yake nema ba, ƙarfe a hannu yake nema. Na kwance ɗamarata na ɗaure dagi a baya kamar goyo, na buɗe tafin hannuwana biyu na nufe shi. Ya sunkuyo ya dubi hannuwana, na ji ɗumin rana yana tashi daga tagullar fuskarsa. Sannan ya miƙe ya koma yadda yake. Ban waiwaya ba sai da na ji ƙasa a ƙarƙashin ƙafata.

Birnin Tarmazu a kan tsauni yake. Ko'ina ka duba mutanen tagulla ne, wannan na niƙa, wannan na ɗaukar itace, wancan na sharar kasuwa. Na tambayi wanda ke ba su umarni, aka nuna mini wani gida a bayan marina, aka ce in nemi Inna Tabawa.

Na zaci zan tarar da wata babbar fada. Sai na tarar da wata 'yar tsohuwa ƙarama, bakinta ja da furen taba, zaune a tsakar gida cikin tarin ƙorai manya da ƙanana, tana fafe duma. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata daga inda na fito da abin da ya raba ni da gida. Ta saurare ni har na gama ba ta ɗaga kai ba.

"Allah ya jiƙan mahaifinka," ta ce. "To ɗan nan, bari in faɗa maka tun yanzu. Waɗannan da kake gani ba su da hankali, ba su da mugunta, ba su da tausayi. Abin da aka faɗa musu shi suke yi, ba ƙari ba ragi. Ka ga na bakin gada?"

Na ce na gan shi, har na ba ta labarin yadda na wuce.

Ta yi dariya har ta ajiye wuƙa. "Ƙwarya ɗaya ce rak a ƙirjinsa. Idan da ƙarfe a hannun mutum, jefa shi ruwa, in ba haka ba, bar shi ya wuce. Wanda ya faɗa masa haka ya daɗe a kushewa, ƙofar ƙirjin kuma ta cije, ba mai iya buɗewa. Tunda ka zauna ka yi kallo kafin ka taka, za ka iya koyo. Ɗauko tabarma."

Ga yadda sana'ar take. A bayan gidan Inna akwai wata irin duma da ba ta fitowa ko'ina sai a tsaunin nan, ƙwaryarta tana riƙe magana kamar yadda tulu ke riƙe ruwa. Za ka kafa baki a cikin ƙwarya ka ce, idan kaza ya faru, yi kaza. Sai ka ɗauko faifai ka rufe ta, ka faɗa a kan faifan, in ba haka ba, yi kaza. Ka buɗe ƙofar da ke ƙirjin mutumin tagulla ka sa, ka rufe. Da zarar ƙofar ta rufu ba ya jin kowa, ko ka yi ihu a kunnensa, sai ya gama abin da ke ciki, sai dai in a cikin ƙwaryar ka ce masa ya saurari wane.

Wannan ba wuya, ko ranar farko na iya. Inda sana'a take shi ne sharaɗi cikin sharaɗi. In kana son ya duba abu na biyu bayan na farko ya tabbata, sai ka sa ƙaramar ƙwarya da nata faifan a cikin babbar. Ba zai taɓa leƙa ƙaramar ba sai sharaɗin babbar ya cika. In bai cika ba, ko buɗe ta ba zai yi ba, abin da ke kan babban faifai kawai zai bi.

Na tarar da wani mai neman sani a gidan, ya riga ni zuwa da damina ɗaya. Sunansa Nomau, da can fataucin gishiri yake yi. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai babbar murya, mai saurin fahimta da saurin hannu, kuma a ranar da na sauka ya raba tuwonsa biyu ya ba ni rabi. Muka shaƙu kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Wata safiya da damina Inna za ta unguwa, ta ce wa Nomau, "Ka shirya wa Baushe aiki. In hadari ya haɗo, ya duba, in awaki na waje ya shigo da su. In kuwa ba hadari, ya fitar da gero ya shanya." Baushe shi ne mafi ƙarfi cikin mutanen tagullar gidan. Nomau ya ɗauko ƙorai biyu, ya faɗa maganar hadari a babbar, maganar awaki a ƙaramar. Da ya zo maganar shanya, faifan da ke kusa da hannunsa ya ɗauka, ashe na ƙaramar ne.

Da azahar hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Baushe ya dubi sama, ya buɗe babbar ƙwarya. Ya dubi waje, awaki kuwa sun ji iska tuni sun shige turke da kansu. Sai ya bi faifan ƙaramar, in ba haka ba, fitar da gero ka shanya. Ruwa na saukowa kamar da bakin tulu, Baushe na ɗauko buhu bayan buhu yana zazzagewa a tsakar gida, yana bajewa da kyau yadda aka koya masa. Nomau ya rungume ƙafarsa yana ihu, "Tsaya! Kai, tsaya mana!" Baushe ya yi ta jan sa cikin taɓo daga rumbu zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa rumbu.

Da Inna ta dawo ta tsaya a ƙofa ta dubi geronta na iyo, ta dubi Nomau. Ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe ƙirjin Baushe ta fito da ƙoran, ta ɗaga ƙaramin faifan.

"Nomau, wannan na wace ƙwarya ne?"

"Na ƙaramar ne, Inna."

"Maganar shanya kuma amsar wace tambaya ce, ta hadari ko ta awaki?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta hadari."

"To ka ji. Duk lokacin da bakinka zai ce in ba haka ba, ka tsaya ka tambayi kanka, in ba wanne ba?" Muka yi wata guda muna shan kunun gero mai tsiro, Nomau ne ke damawa.

Na zauna a gidan nan har damina ta zagayo. Inna ta riƙe mu kamar 'ya'yan cikinta, ita ce faɗa, ita ce jiƙa mana magani in zazzaɓi ya kama mu.

Yanzu ga abin da ya sa na tara ku. A ƙarƙashin birnin akwai wani babban kogo, a cikinsa idon ruwan da duk Tarmazu ke sha yake. Wani mutumin tagulla ne ke can yana jan ƙaton jigo dare da rana, yana ɗago ruwa zuwa kwatamin da ke kai shi gari. In jigon ya tsaya, gari ya rasa ruwa, kogon kuma ya fara cika. Wata safiya kwatami ya ƙafe. Inna ta ce ƙoran ƙirjin mai jigo ne suka tsufa suka tsage, ta ɗauki sababbi da fitila za ta je ta sauya. Muka ce mu raka ta.

"Ku raka ni ina? Hanyar da nake bi tun ba a haife ku ba? Ku zauna ku fafe mini dumar nan."

Hantsi ya ɗaga muna fafe duma, sai ƙasa ta girgiza. Ƙorai suka yi ta karo da juna, awaki suka ɗauki kuka. Girgizar ba ta daɗe ba, amma kafin mu miƙe sai ga mutane na gudu suna cewa bakin kogo ya rufta.

Da muka isa, maza sun riga sun fara tono da fartanyu da hannuwa. Na ga ƙura tana tashi irin ta ranar da rijiya ta rufta da mahaifina. Duk inda suka yaye ƙasa, wata sai ta zubo daga sama, har ta kusa binne mutum biyu. Na yi ta maza na daka musu tsawa na ce su ja baya, wannan ba aikin mai rai ba ne. Nomau ya ruga ya taho da Baushe, da kwando cike da ƙorai, wasu kuma suka ɗebo azara.

Muka durƙusa a ƙasa muka fara shiri. Nomau yana ta gaggawa, yana ɗaukar ƙwarya yana faɗa yana sakawa cikin wata. Idan ka ga dutse, idan dutsen babba ne, idan akwai maciji a bayansa, idan macijin ya fasa kai, idan fitila ta mutu. Ƙwarya cikin ƙwarya cikin ƙwarya, har ya kai ga wata da ba ta fi ƙwan kurciya ba. Fayafai suka watse a gabanmu, ba mu san wanne ne na wacce ba. Da muka ɗauka za mu sa, ƙofar ƙirjin ma ta ƙi rufuwa.

Na riƙe masa hannu. "Ɗan'uwa, in mu da muka shirya mun ɓata a ciki, shi fa? Mu zazzage."

"Cindo, ruwa na hawa!"

"Na sani. In ya shiga da wannan, ba zai fito da ita ba."

Ya dube ni, idanunsa sun kaɗa, sannan ya kife tarin da hannunsa. Shi ne ma ya ce mu raba aikin gida biyu, tono daban, ceto daban, kowanne da jerinsa, in ya gama na farko ya ɗauki na biyu. Maciji da dutse muka bar su, ba abin da za su yi wa tagulla.

Jerin tono ni na shirya. A babbar na ce, idan hanya a toshe take, buɗe ƙwaryar ciki. A ta ciki na ce, idan ƙasar sama na zubowa, kafa azara ka tokare, a faifanta kuma, in ba haka ba, tona. A babban faifai na ce, in hanya a buɗe take, ci gaba.

Jerin ceto Nomau ya fara. A babbar, idan ka ga Inna. A babban faifai, in ba ka gan ta ba, buga ƙirjinka don ta ji, ka ƙara gaba. A ta tsakiya, idan tana numfashi. A ƙaramar, idan tana magana, buɗe kunnenka ka yi abin da ta ce.

Zai rufe ƙirjin na ce mu gwada tukuna. Muka shirya wani jeri irinsa sak, muka sa sunan Nomau a wurin nata, ya kwanta a ƙasa. Jama'a suka fara gunaguni. Mai unguwa, wani dattijo mai farin gemu, ya matso yana buga sanda.

"Wane irin wasa ne wannan? Tsohuwa na cikin rami kuna kwance-kwance?"

Nomau ya ɗago kai daga ƙasa. "Baba, ka yi haƙuri. In ya shige ba mai iya kiransa ya dawo. Gara ya yi kuskuren a nan, muna gani."

Gwajin farko Nomau ya yi magana, ya ce ɗaga ni, Baushe ya ɗaga shi. Na biyu ya yi shiru yana numfashi kamar wanda ya suma. Baushe ya zo ya tsaya a kansa ƙiƙam, bai yi komai ba. Ashe ƙaramar ba mu sa mata faifai ba. Da haka muka tura shi, ya tarar da ita a some, da sai ya tsaya yana kallonta har ruwa ya shanye su. Mai unguwa ya ga haka ya ja da baya. Nomau ya faɗa a kan faifan, in ba haka ba, ɗauko ta a kwance, ka fito da ita.

Saura ta tsakiya. Mu duka mun san ba ta da faifai, kowa kuma ya ƙi kallonta. Na ɗauko faifan na miƙa wa Nomau. Ya kawar da kai.

"Ba da bakina ba," ya ce. "Wallahi ba zan iya ba. Ka bar shi haka, tana da rai."

"Allah ya sa. In kuma Allah ya yi ikonsa, sai mu bar ta a can cikin ruwa, shi kuma yana tsaye a kanta?"

Hawaye suka bi gemun Nomau. Na kai faifan bakina. Na ce, "In ba haka ba, ɗauke ta a hankali, ka rufe mata fuska da mayafinta, ka kawo mana ita gida." Matan da ke kusa suka ji, suka fashe da kuka. Muka jera ƙoran da ke ɗauke da sunan Inna, muka sake bin kowane faifai da yatsa muna faɗin ƙwaryarsa, muka rufe ƙirjin da bisimilla.

Baushe ya rungumi azara ya nufi ramin. Ya dubi sama, ƙasa na zubowa, ya kafa azara. Ya tona. Ta sake zubowa, ya sake kafawa. Haka ya yi ta yi har duhun ramin ya haɗiye shi, sai ƙarar tono muke ji. Can tonon ya tsaya, sai muka ji gau, gau, yana buga ƙirji. Hanya ta buɗe ke nan, bai gan ta ba tukuna. Ƙarar ta yi ta nisa, ta yi ta raguwa, har sai ka kasa kunne. Sannan ta ɗauke ɗif.

Shirun nan ma'anarsa ɗaya ce, ya gan ta. Wace ƙwarya ya buɗe, wane faifai ya bi, ba wanda ya sani. Rana ta take tsaka, ba wanda ya nemi inuwa. Nomau ya damƙe hannuna har yatsuna suka mutu.

Sai muka ji takunsa. Ya fito daga duhu a jiƙe har ƙugu, ɗauke da mace a kwance a kan hannuwansa, fuskarta a rufe da mayafi.

Wuri ya ruɗe da salati. Nomau ya zube a ƙasa ya kifa kansa. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni, ina jin maganar da na faɗa a kan faifai tana dawo mini. Baushe ya sunkuya ya shimfiɗe ta a gabanmu. Idona ya sauka a kan ƙafafunta, na ga ƙafa ce doguwa, da lalle, ba irin ta Inna ba. Kafin in buɗe baki sai gawar ta yi atishawa, ta yaye mayafi tana kare ido daga rana.

Wata daga cikin mata ta yi ƙara. "Kande! Ke ce? Me ya kai ki?"

Ashe Kande mai tara kashin jemage ce, tana sayar wa masu lambu. Da sassafe ta shiga kogon ta wata tsaga da ke bayan tsauni, ba wanda ya sani, girgizar ta toshe tsagar. Ni dai zuciyata ta yanke, na ce shi ke nan, ya ɗauko wata a madadin Inna, umarninsa kuma ya ƙare. Ban rufe tunanin ba sai Baushe ya miƙe, ya juya, ya koma cikin ramin.

Na durƙusa kusa da ita. "Baiwar Allah, tsohuwar fa? Kin gan ta?"

"Tana nan da ranta," ta ce tana haki. "Ƙafarta ce ta karye, tana kan wani dutse. Ni ina ƙasa da ita, dutse ya danne mini zane, ruwa ya kawo mini wuya. Da ya zo sai ta ce masa, ɗage dutsen can, fitar da yarinyar nan, ka dawo ka ɗauke ni. Ni na rufe fuskata, ƙasa ce ke zubo mini a ido."

Nomau ya ɗago, fuskarsa duk ƙasa. "Tana magana? Kika ce tana magana?"

"Magana? Tun da abin ya faru ba ta yi shiru ba."

Ya fashe da dariya yana kuka a haɗe. Amma ba a gama ba, domin ruwa ya fara malalowa daga bakin ramin, siriri da farko, sannan ya yi faɗi har ya taɓa ƙafafunmu. Wata azara ta yi ƙara a ciki.

Muryarta muka fara ji kafin mu gan su. "A hankali, kai! Ƙafa ce, ba itace ba! Ka sunkuya mana, za ka fasa mini kai!" Sai ga Baushe ya ɓullo, ruwa na zuba daga wuyansa, ya ɗaga hannuwansa sama da kansa, Inna Tabawa na zaune daram a kan tafukansa, ɗankwali ya tafi, furfura a tsaye, tana rungume da tsofaffin ƙoran da ta ciro. Ashe kafin dutse ya faɗo mata ta riga ta ciro su, da Baushe ya dawo kuma sai da ta sa ya kai ta wurin mai jigo ta saka sababbin, sannan ta yarda a fito.

Ban taɓa jin guɗa irin ta ranar ba. Ni dai zama na yi a cikin ruwan nan, na yi ta sauke numfashi kamar wanda ya yi shekara bai shaƙi iska ba. Muna nan sai wani ya yi ihu daga gari, kwatami ya kawo ruwa.

Da la'asar maɗori ya gama ɗaure mata ƙafa da karare, tana kishingiɗe a tsakar gida, ta ce a buɗe ƙirjin Baushe a kawo mata abin da muka sa. Ta riƙa ɗaukar ƙoran ɗaya bayan ɗaya tana karawa a kunne. Ta ji jerin tono, ta gyaɗa kai. Ta ji inda Nomau ya ce a saurare ta, ta ce, "Wannan ne ya fid da Kande. Madalla, Nomau." Ya rasa inda zai sa kansa don daɗi.

Sannan ta ɗauki faifan tsakiya ta kara a kunne. Ta daɗe a haka.

"Muryar wa ce wannan?"

"Tawa ce, Inna."

Ta dube ni, ta dubi faifan, ta shafa shi da tafin hannu kamar mai share ƙura.

"Sauran ƙoran ku wanke su, za a sake amfani da su," ta ce. "Wannan kada wanda ya taɓa. Ku rataye mini shi a ɗaki, ranarsa na nan zuwa." Ta miƙo mini shi, ta gyara kwanciya, ta ja tsaki saboda ƙafar. "Amma ba yau ba. Yau yunwa nake ji. Nomau, tashi ka dama mini kunu, ka sa tsamiya da yawa."

Nan na kawo ku, nan zan sauke ku. Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne, inda harshena ya zame, ku yafe wa tsoho. Ku tashi lafiya, Allah ya kai kowa gidansa.